Naƙudar kyanwa: yaushe za a ƙyale ta, yaushe za a nemi likita?

Kyanwar gidanku ta haifi 'ya'ya biyu jiya bayan isha'i. Yau ga shi har an yi azahar cikinta bai saɓe ba, in ka ɗora tafin hannu kana jin wani abu na motsi, ita kuwa ta miƙe abinta tana shayar da biyun, ta ma tashi ta ci abinci ta dawo. Lafiya ce ko matsala?

Irin wannan tambaya ta yawaita ne tun da kiwon mage ya fara sauya fuska. Da can kyanwa ma'aikaciyar kamun ɓera ce. Ita ke kawo kanta gida, ta haihu a bayan rumbu ko cikin silin, sai dai a wayi gari a ji kukan 'ya'ya. Yanzu a Kano da Kaduna da Abuja akwai masu zuba kuɗi mai kauri su sayi magen Farisa mai gashi buzu-buzu su ajiye a falo, har da masu kiwonta don sayar da 'ya'yan. Ranar da irin wannan ta fara naƙuda sai hankalin gida ya tashi, a shiga neman shawara, amsoshin kuma kashi biyu ne. Wasu su ce, "Wa ya taɓa yi wa kyanwa ungozoma? Ku ƙyale ta." Wasu su ce a garzaya kemis a sayo allurar naƙuda. Na farkon sun fi kusa da gaskiya, don mafi yawan kyanwoyi ba sa buƙatar hannun kowa, sai dai maganarsu takan ci ran wadda ɗa ya maƙale wa. Na biyun kuwa sukan kashe wadda da an bar ta da ta sauka lafiya. Abu biyu ne za su raba gardamar nan: irin nishin da kyanwar ke yi, da abin da agogo ya nuna.

Lissafin kwanaki

Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, yawanci kwana 63 zuwa 65 daga ranar barbara. Wadda ta haihu kafin kwana 60 bakwaini ta haifa, kuma da wuya su rayu. Wadda ta haura kwana 70 ba alamar naƙuda, wannan ta likita ce.

Wahalar ita ce kyanwar da ke tsallake katanga da dare ba wanda ya san ranar da muzuru ya same ta. Ita kyanwa ba ta sakin ƙwai sai an yi barbara, tana kuma iya karɓar muzuru fiye da ɗaya a cikin 'yan kwanaki, har ya zama 'ya'yan ciki ɗaya kowa da ubansa. To in ba ka san rana ba, dubi nono. Wajen mako uku da shigar ciki kan nonon kan yi ja ya ɗan tasa, musamman ga mai cikin fari. Daga ranar da ka lura da haka sai ka ƙirga mako shida. Mai hali yana iya kai ta a yi mata hoton ciki, wanda ke nuna bugun zuciyar 'ya'yan tun wajen mako huɗu, ko hoton ƙashi bayan kwana 45, wanda da shi ake ƙirga su ɗai-ɗai. Wannan ƙirgen yana da amfani ainun, don ranar haihuwa shi zai gaya maka ko an gama ko da saura. Kyanwa kan haifi huɗu ko kusa da haka, mai cikin fari kuma takan haifi ƙasa da hakan.

Alamomin da ke rigan naƙuda zuwa

Saura mako ɗaya ko biyu sai ta fara neman maɓuya. Za ka gan ta tana leƙa ƙarƙashin gado, bayan buhunan sito, cikin wadirob. Tamu ta gida in ta tashi ba ta ga wurin da ya yi mata ba sai akwatin zannuwan tsohuwarmu, wanda aka manta a buɗe, kuma ranar an ji faɗa. Wanda ba ya son irin haka sai ya riga ta: ya sami kwali mai ɗan zurfi, ya shimfiɗa tsofaffin tsummoki masu tsabta, ya ajiye a lungu mai duhu inda yara ba sa zirga-zirga, ya bar ta ta saba da shi. In ta ƙi kwalin ta zaɓi nata wurin, a bi ta a haka. Ɗauke ta da ƙarfi ana tsakiyar naƙuda na iya tsayar da naƙudar.

Saura kwana ɗaya ko biyu nono kan cika, in an ɗan matsa ruwa ya fito. Takan rage cin abinci ko ta bari gaba ɗaya. Wata ta zama mai naci, duk inda ka sa ƙafa tana biye da kai tana kuka. Wata kuma ta ɓace wa kowa. Zafin jikinta, wanda a ka'ida yake tsakanin digiri 38 da 39, yakan sauka zuwa wajen 37.5 a ranar ƙarshe. Wannan alamar ta fi tabbata a macen kare fiye da kyanwa, kuma ni ban ga dalilin da za a riƙa damƙe dabba mai tsohon ciki ana cusa mata ma'aunin zafi ba, alhali sauran alamomin a fili suke.

Matakan naƙuda uku

A matakin farko mahaifa ce ke murɗawa daga ciki, bakinta na buɗewa, ido ba ya ganin nishi. Kyanwar za ta kasa zama, ta shiga kwali ta fita, ta tona shimfiɗa, ta yi ta lasar gabanta, ta yi haki, wata har da amai. Ɗan ruwa mai yauƙi na iya fitowa. Wannan kan ɗauki awa 6 zuwa 12, mai cikin fari kuwa tana iya kai wa awa 24, wata har 36. A nan ne masu gida suka fi ruɗewa, don kukan na da ban tausayi, amma kuka a wannan mataki ba shi ne alamar haɗari ba.

Mataki na biyu shi ne na yunƙuri. Za ka ga ciki na tamkewa yana saki, tana nishi kamar mai son yin kashi. Faya ta fashe, wani abu kamar balan-balan ya leƙo, ɗa ya faɗo a cikin rigarsa. Daga fara nishi mai ƙarfi zuwa faɗowar ɗa bai cika wuce minti 30 ba, tsakanin ɗa da ɗa kuma minti 10 zuwa awa ɗaya. Yawancinsu cikin awa 6 sun gama. Wani ɗan kan zo da kai, wani da ƙafafun baya da wutsiya, kuma duk daidai ne. A mutum in an ce jariri ya zo da ƙafa hankali kan tashi, a kyanwa kuwa abu ne na yau da kullum.

Uwar da kanta ke yage rigar, ta lashe fuskar ɗan har ya yi numfashi, ta datse cibiya da haƙori. Sai mataki na uku, fitowar mabiyiya. Kowane ɗa da tasa, takan biyo shi cikin kamar minti 15, wani lokaci kuma 'ya'ya biyu su fito kafin mabiyiyoyinsu su biyo. Uwar kan cinye su, kuma ba laifi, sai dai in ta ci da yawa ta yi gudawa. Aikin mai kallo a nan ƙirge ne kawai, 'ya'ya nawa, mabiyiya nawa, da ƙarfe nawa kowanne ya fito. A rubuta, don da tsakar dare ƙwaƙwalwa ba abin dogaro ba ce.

Hutun tsakiya, inda aka fi kuskure

Mu koma kan tambayar farko. Kyanwa na da wata ɗabi'a da likitocin dabbobi suka daɗe da sani: tana iya haifar wasu 'ya'yan, ta dakatar da naƙuda ɗungurungum, ta shayar, ta ci, ta yi barci, sannan bayan awa 24, wani lokaci har 36, ta koma ta haifi sauran da ransu. Hayaniya, baƙin fuska, yaran unguwa da suka cika ɗaki kallo, ko tafiyar mutumin da ta shaƙu da shi, duk suna iya jawo wannan tsaiko.

Yadda za a bambance hutu da maƙalewa ba shi da wuya. Mai hutu ba ta nishi. Jikinta a sake yake, tana kula da 'ya'yanta, tana cin abinci, ba jini mai zuba, ba wari. Wadda ɗa ya maƙale wa kuwa tana yunƙuri ba sakamako, ko ta yi ta yi har ta gaji ta kwanta lakwas, ba ruwanta da 'ya'yan da ta haifa, ta ƙi abinci, in ka taɓa cikin ta yi ƙara. Kyanwar da muka fara da ita, mai ci da shayarwa, hutu take yi. A rage mata mutane, a sa ido, a kuma sanar da likita ta waya don ya san halin da ake ciki. In aka haura awa 24 shiru, ko yanayinta ya sauya kafin nan, sai a ɗauke ta.

Akwai kuma wadda ta gama sarai amma ana zaton da saura, don mahaifar da ba ta gama komawa ba takan ji kamar dunƙule a hannu. Kada a yi ta matsa ciki ana lalube. Hoto ne ke warware wannan.

Alamomin da ba a jira da su

Nishi mai ƙarfi na minti 20 zuwa 30 ba ɗa. Ɗa ya leƙo, kai ko ƙafa a waje, ya tsaya minti 10 bai ƙarasa fitowa ba. Nishi marar ƙarfi, a yi a huta, har awa biyu ba abin da ya fito. Jini ja wur yana zuba ba tsayawa. Ruwa mai duhu ko mai wari ya fito alhali ko ɗa ɗaya bai zo ba, wanda ke nuna mabiyiya ta rabu da mahaifa, ɗan kuma ya fara rasa iska. Sai kyanwar da ta yi laushi farat ɗaya, dasashinta ya yi fari, jikinta ya yi sanyi; irin wannan ana tsoron mahaifa ta murɗe ko ta fashe, kuma mintoci ne tsakaninta da mutuwa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, maganar jira ta ƙare.

Me ke kawo doguwar naƙuda?

Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 1995, wanda ya duba haihuwa kusan 3,000, ya sami matsala a kusan kashi 6 cikin 100. Abin lura a ciki shi ne rabon: magunan da jininsu ya gauraya kusan ba sa samun matsala, masu asali irin na Farisa mai shafaffiyar fuska da Siyamis mai dogon kai su ne suka fi shan wuya. Wato dai tsohuwar da ta ce ba ta taɓa ganin kyanwa ta kasa haihuwa ba, tana da gaskiya, irin kyanwar da ta sani ke nan. Wanda ya sayi 'yar Farisa ya kuma ɗauki shawararta, shi ne ya yi kuskure.

Babban dalili shi ne gajiyar mahaifa. Ko dai ta kasa fara murɗawa yadda ya kamata, ko ta yi ta fama da ɗan da ya toshe hanya har ƙarfinta ya ƙare. Ƙiba, tsufa, da ƙarancin sinadarin kalsiyam a jini suna taimaka wa wannan. Sai kwanciyar ɗa: ya zo a gicciye, ko kansa ya lanƙwashe baya. Sai ɗa tilo, wanda ya ci abincin huɗu shi kaɗai ya yi girman da hanya ba za ta ɗauke shi ba.

Akwai dalilai biyu da nake ganin sun fi shafar kyanwoyinmu na gida. Na farko tsohuwar karaya. Kyanwar da babur ya taɓa bankewa, ko aka jefa da dutse, ta yi ɗingishi na wata guda ta warke da kanta, sau da yawa ƙashin ƙugunta ne ya karye ya haɗe a karkace. Tafiya ta dawo daidai, amma ƙofar haihuwa ta tsuke, ba kuma wanda zai sani sai ranar naƙuda. Duk mai kyanwar da ta taɓa irin wannan haɗari ya kai ta a ɗauki hoton ƙugun tun ciki bai tsufa ba. Na biyu abinci. Ɗan kyanwar da aka raina da tsoka da hanta zalla, don gata, ƙashinsa kan tashi da laushi saboda nama ba shi da isasshen kalsiyam, ƙugu kuma ya lotsa. Ga kuma ƙanƙanta: kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, ita kanta ba ta gama girma ba.

Allurar naƙuda da Panadol

Allurar naƙuda, wato oksitosin, aikinta ɗaya ne, ta sa mahaifa ta matse da ƙarfi. In hanya a buɗe take, mahaifar ce kawai ta yi sanyi, tana taimakawa. In kuwa ɗa ne ya gicciye ko ƙugu ya tsuke, allurar za ta matse mahaifa a kan ƙofar da ba ta buɗuwa, mabiyiyoyi su saɓule, 'ya'yan su mutu, mahaifar ma ta iya fashewa. Shi ya sa likita ba ya yin ta sai ya duba hanya tukuna, kuma abin da yake bai wa kyanwa ɗan mitsitsi ne in aka gwada da kwalbar da ake yi wa mace ko saniya. Mai kemis da bai ga dabbar ba ba shi da hanyar sanin wanne ne a cikin biyun. A nan kam, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda ya fi wannan muni shi ne tausayin da ke sa a ɓallo rabin Panadol a ɗura mata don ta ji sauƙi. Farasitamol guba ne ga kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, sai ya lalata jini, fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, ƙwaya ɗaya tak ta isa ta kashe ta. Sauran magungunan ciwon jiki na mutane su ma ba a ba ta. Haka maganin makero na sha da ake kira girisiyofulbin, in aka bai wa mai ciki yakan nakasa 'ya'yan. Man ja, jiƙo, rubutun da aka haɗa da wani sassaƙe, duk ɗura wa dabbar da ke haki na iya sarƙe ta ya wuce huhu.

Abin da hannunka zai iya

Kaɗan ne, amma yana ceton rai. In ɗa ya faɗo uwar ta yi minti ɗaya ba ta kula shi ba, abin da masu cikin fari kan yi, ka wanke hannu, ka yage rigar daga fuska, ka share hanci da baki, ka goge shi da busasshen tawul da ɗan ƙarfi, kansa na kallon ƙasa kaɗan, har ya yi kuka. Kada a wujijjiga shi a iska kamar yadda ake yi da, yana ji wa ƙwaƙwalwa ciwo. Cibiya kuma a ɗaure da zare mai tsabta kamar faɗin yatsa biyu daga cikinsa, a yanke ta ɓangaren mabiyiya da sabuwar reza.

In ɗa ya fito rabi ya tsaya, likita kuma na nesa, ana iya kama jikinsa da tsumma mai tsabta, a ja a hankali zuwa ƙasa wajen ƙafafun uwar, daidai lokacin da take nishi. Ba a kama ƙafa ɗaya ko wutsiya. In ya ƙi, a bari, a kama hanya. A kuma yi hattara, ko kyanwar Lami ce, a wannan hali tana cizo tana yaƙushi. Matar gida mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin da kwashe shimfiɗar, don ruwan haihuwar dabba da kashin kyanwa na iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke taɓa ciki.

Jego

Jinin biƙi ja-ja mai duhu, marar wari, na iya ɗigowa har mako uku. In ya yi ɗoyi, ga zazzaɓi, ta daina kula 'ya'ya a makon farko, mahaifa ce ta kamu, sau da yawa saboda mabiyiya ko mataccen ɗa da ya rage. Nono ɗaya ya yi tauri da zafi ya sauya launi, shi ma ciwo ne. Akwai kuma jijjiga: rawar jiki, sandarewar ƙafafu, haki. Ta kyanwa ba hawan jini ke kawo ta ba kamar ta mata, kalsiyam ne ya ƙare a jini, a ƙarshen ciki ko makonnin farko na shayarwa, kuma allurar likita kan tashe ta nan take in an kai da wuri.

Maganar cewa kyanwa na cin 'ya'yanta in mutum ya taɓa su, akwai ƙari a ciki. Takan ci wanda ya zo a mace ko wanda ba zai rayu ba, wadda aka firgita ƙwarai kuma na iya wuce gona da iri. Abin da taɓe-taɓe ya fi jawowa shi ne ta kwashe su ɗai-ɗai a baki ta kai inda ba ka so. Abin da ya fi kashe jarirai sanyi ne da yunwa. Ana haifarsu da nauyin kamar giram 100, ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu a makonni ukun farko, don haka kwali a kan siminti da hunturu kabari ne. Dakashin ranar farko shi ne rigakafinsu, a tabbata kowa ya kama nono. Madarar shanu da ta gwangwani gudawa suke sa su.

Kuɗi da nisa

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce yawancin asibitocin dabbobi na garuruwanmu sun fi sabawa da shanu da tumaki da kaji, ba kowanne ke da kayan yi wa kyanwa tiyata ba, balle da ƙarfe biyun dare. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri suna da asibitocin koyarwa na dabbobi, manyan birane kuma akwai masu zaman kansu. Tun ciki na wata ɗaya ya kamata mutum ya san wa zai kira, ya tambayi ko yana fiɗa, ya kuma ji kuɗin. Masu kiwon 'yan Farisa don riba su sa wannan a lissafin jari tun farko.

Kyanwar da aka taɓa yi wa aiki saboda tsukakken ƙugu, cikin gaba ma haka zai kasance, kuma ba ta daɗewa, tana iya sake neman muzuru tun 'ya'yan ba su bar nono ba. Shi ya sa likitoci kan ba da shawarar a cire mahaifar a aikin nan ɗaya. Wasu masu gida kan ƙi saboda suna ganin an tauye halitta, malamai kuma sun yi magana a kai, da yawansu sun halatta in akwai lalura. Duk yadda mutum ya ga dama, shawara ce da ya kamata a yanke da rana tsaka, ana zaune, don in an shimfiɗe ta a teburin tiyata likita zai tambaya, kuma ba zai ba da dogon lokacin tunani ba.